Allon da Ke Yin Fari

Ranar da Dogo ya fara ganinta, faɗa ta zo yi masa. Ta dire kwamfutarta a teburinsa, ta juyo masa allon: fari fat, babu layi ko ɗaya.

A kamfanin, shi ke tattaro bayanan kayan shaguna, ita ke jera su a allo. Yaren da yake rubuta manhaja da shi ba ya tambaya. Lamba ce, rubutu ne, ko ma babu komai, duk ya karɓa ya miƙa gaba. Nata kuwa sai kowane abu ya faɗi irinsa tun daga ƙofa. In ana jiran lamba, abu guda ya zo da rubutu, jerin gaba ɗaya sai ya ƙi fitowa. Shi ya sa 'yan ofis ke kiranta Alƙaliya.

Ta ja kujera ta zauna gefensa har ya gyara. Gyaran ɗan kaɗan ne, amma ya ja shi har aka tashi aiki.

Daga nan saƙonni suka fara.

"Alƙaliyata, yau allo lafiya?"

"Lafiya lau, Dogon rigima. Mai shi ne dai ban sani ba."

Ana cikin haka manaja ya ɗauko sabon injiniya don ya gina gada tsakanin yarukan biyu, aka ba shi kujera dab da tata. Mutum ne mai turare da gogaggiyar riga, ga shi ya iya ba da dariya. Namiji yakan jure zazzaɓi, amma dariyar da wani ya sa masoyiyarsa ta yi, wannan ba ya jure ta. Dogo ya kuma gane cewa in gadar ta kammala, allo ba zai sake yin fari ba, ita ma ba za ta sake jan kujera zuwa teburinsa ba.

Sai ya fara ɓarna. Duk sa'ad da ya ga kansu a haɗe kan allo ɗaya, sai ya canza adadin abu guda daga lamba zuwa rubutu. Jerin ya ɓace, ta taso da kwamfutarta, shi kuma ya yi fuskar mai mamaki.

Abin da ya manta, babanta yana da shagon kayan gyaran mota, kuma ita da kanta ta saka masa manhajar tana alfahari. Ta ma riga ta ambaci Dogo a gida. Wata safiya kwastomomi sun cika shago, Baba ya danna, allo ya yi fari. Ya danna, ya girgiza, ya hura masa iska. Da ya ji aikin wane ne, ya ce yaron da ba a dogara da hannunsa ba a ba shi 'ya, kuma shi ya fi son wancan mai turaren, da ya taɓa zuwa gaishe shi.

Ita kuwa ta riga ta duba tarihin canje-canjen. Ta sami Dogo a bakin matakala.

"Kai ka yi, da gangan."

Ya sunkuyar da kai. Ya ce yadda mutumin nan yake sa ta dariya ne.

"Ya nemi aurena, na ce masa a'a tun watan jiya. Kai kuwa me ka taɓa nema? In kana so in zo teburinka, ba sai ka ce in zo ba?"

Ta daina amsa saƙonsa. Dogo ya je wurin sabon injiniyan da ƙafarsa, suka zauna suka rubuta irin kowane abu a fili, yadda ko shi kansa ba zai iya sake karya jerin ba. Sannan ya tafi shago, ya durƙusa, ya gaya wa Baba gaskiya.

Baba ya dube shi ya ce:

"Wato ba rashin iya aiki ba ne, rashin hankali ne."

"Haka ne, Baba."

"To, wannan kam, aure yakan rage shi. Turo manyanka."

Da yamma saƙonta ya shigo: "Ba ka da sauran hujjar kirana, Dogona. Sai dai ka kira haka kawai."

Ya kira haka kawai.

Aka ɗaura aure bayan watanni kaɗan. Sabon injiniya ya zo da turarensa, ya yi wa amarya murna, ya ba ta dariya. Ango ya matso ya tsaya a tsakaninsu. Baba ya dafa kan ango da amarya ya sa albarka, ya roƙa musu tsawon rai tare. Wannan ita ce addu'ar da ta fi kowace, ko da yake matasa ba sa sanin haka sai daga baya. Allah ya amsa musu.