Ƙarnin Kifi a Kan Sunan Baba

Da yatsu biyu 'Yar Takarda ta ɗaga shafin, kamar mai ɗaukar mataccen ɓera. Ruwan kifi na ɗiga daga gefensa, ɓawo ya manne a kan sunan babanta.

Rubutunta ne.

"A ina kika samo wannan?"

'Yar kawunta ta langaɓe kai, wai ita tausayi. "A shagon angonki, 'yar'uwa. Kifi na saya aka naɗe min a ciki. Na ce bari in kawo miki kayanki."

Munafuka. Kowa a layin ya san ita ma angon, Mai Turare, take so.

'Yar Takarda ta share ɓawon daga kan shafin. Ita fa da takardar naɗe kaya ta koyi karatu. Tana shekara shida, in babanta ya sayo gishiri ko ƙusa, sai ta warware guntuwar jaridar ta yi ta haɗa baƙi. Labari rabi take samu, ƙarshensa na gidan wani, sai ta ƙago nata. Daga nan sunan ya bi ta. Littafi bakwai ta cika da hannunta, ta miƙa wa Mai Turare, mai shagunan kifi, ranar da ya ce, "Rabin raina, ba ni in karanta zuciyarki."

Saura mako biyu aure.

Ta same shi a shago yana sakace da makullin mota, turare da ƙarni suna kokawa a jikinsa.

"Na karanta mana, hasken idona. Har hawaye na yi."

"Yaya ya ƙare?"

"Aka... aka yi aure?"

"Mutuwar babana ce."

"Haba, takarda ce fa. Leda ta ƙare, ma'aikata suka ɗauka. Zan saya miki sababbi dozin, farare tas."

Ta durƙusa ta kwashe sauran daga ƙarƙashin tebur, cikin ruwan jini da ƙuda. Da ya kai hannu zai taɓa kafaɗarta, sai ta kauce.

A gida Inna ta dafe ƙirji. "A kan tsumman takarda za ki fasa aure? Takarda za ki dafa? Ko wancan ƙazamin Mai Gam ɗin ne ya hure miki kunne?"

Gaskiya Mai Gam ba abin kallo ba ne. Ɗinkin tsofaffin littattafai yake a wani shago kamar akurki, farcensa baƙi ƙirin, rigarsa ta ƙage da gam. Ita kanta toshe hanci take in ta shiga. Amma shi ya ɗinke mata littattafan tun farko, sai ta je ta zube masa su.

Kwana goma yana shanya shafi ɗai-ɗai a rana yana korar ƙuda. Har kwandon sharar masu sayen kifi ya bi, wata ta watsa masa ruwan wanke-wanke.

Da ta koma, littattafan na jere. Inda shafi ya ɓata, ya ɗinka fari.

"Malama, ki yafe ni," ya ce yana kallon ƙasa. "Duk na karanta lokacin ɗinki. Na san abin da ke wuraren nan."

"Faɗi ɗaya."

"'Ranar da Baba ya tafi, ba wanda ya iya shigo da takalminsa daga bakin ƙofa.'"

Ta zauna a kan bencinsa mai danƙo, zaninta ya manne, ba ta ma kula ba.

"Me ya hana ka cike su?"

"Ba zan sa miki magana a baki ba. Ki rubuta, ni in ɗinke... in kin yarda, har ƙarshen rai."

"Sai ka yanke farcen nan tukuna."

Inna ta shekara ba ta amsa gaisuwarsa. 'Yar kawun kuwa ta samu Mai Turarenta, har yau in ta shigo taro sai mata su matsa saboda ƙarni.

Shekara arba'in ke nan da aurenta da Mai Gam. Littattafan sun kai sittin da ɗaya, idonta ya yi rauni, shi ke karanta mata da safe. Kullum tana mitar warin gam, tana ce masa tsohon ƙazami, yana ce mata ranki ya daɗe.

Kifi dai bai sake shiga gidanta ba.