Fensirin Doña Eufrasia

Tikiti biyu Nemesio ya ajiye a kan teburin kicin, kusa da kwandon ƙwai. Basilia ta dube su ta ɗauke kai, ta ci gaba da kaɗa ƙwai kamar su suka yi mata laifi.

"Jibi ne motar, Basi. Santa Cruz."

"Jibi? Ana tsakiyar Todos Santos, bikin matattu? Anya kanka ɗaya kuwa?"

"Sai an sallami matattu, da la'asar. Na duba komai, masoyiyata, ni dai ki..."

Tari ya ƙwace maganar. Ya dafa bango ya sunkuya, ita kuma ta tsaya da cokali a hannu tana jira ya wuce. Ta san tarin nan sarai. Shi ya ɗauke mahaifinta, Don Leoncio, shekara uku da suka wuce.

Tun yana ɗan shekara sha biyar Nemesio yake shiga ramin haƙar ma'adinai a dutsen da ke kan Potosí, yanzu yana da ashirin da tara, ƙurar ramin ta gama da huhunsa. Likita bai ɓoye masa ba. Ya ce iskar garin nan da ke can saman tsaunuka ko mai lafiya da ƙyar take isarsa, in ya sauka ƙasa inda iska ke da kauri zai iya jan wasu shekaru, in ya zauna kuwa kada ya sa rai da damina biyu. Yayarsa da ke Santa Cruz ta ware masa ɗaki. Abin da ya rage masa shi ne Basilia, wadda ya yi shekara huɗu yana jira.

Daga lungun da take zaune, mahaifiyarta Doña Eufrasia ta gyara mayafi. Ciwon suga ya cinye mata ido, amma kunnenta ko faɗuwar allura ba ya bari.

"Ka gaya mata gaskiya, yaro. Mata kake nema ko mai jinya?"

"Mama..."

"Ke yi mini shiru. Na binne ɗaya, na san yadda abin yake. Ban haife ki don ki riƙe wa wani kwanon tofa jini ba."

Nemesio bai yi fushi ba, kuma wannan ya fi ƙona wa Basilia rai. Ya ɗauki hularsa, ya ce wa tsohuwar duka biyun yake nema, ba zai yi mata ƙarya ba. Ya bar tikiti ɗaya a kan tebur ya fita.

Wannan ce shekara ta uku, ta ƙarshe, da za a shirya wa Don Leoncio teburinsa. Ranar ɗaya ga Nuwamba da tsakar rana ruhinsa zai zo ya ci abin da yake so, washegari a raka shi. Abin da yake so kuwa kowa ya sani, kek ɗin lemo na shafi na arba'in da uku a littafin girki.

Littafin girkin shi ya sayo wa matarsa a shekarar aurensu, daga wani mai baza littattafai a bakin titi. A Buenos Aires aka buga shi, don mutanen bakin teku waɗanda ba su taɓa haki a kan matakala ba. Kek ɗin farko da amarya ta yi da shi ya kumbura gwanin sha'awa, sannan ya zube a tsakiya kamar an zauna a kai. A nan saman tsauni haka ƙullu yake yi. Sai ta ɗauki fensir. Shekara talatin tana gyara littafin a gefen shafi: rage bakin fauda, rage suga, ƙara ƙwai ɗaya, ƙara wuta. Da idon ya tafi, Basilia ta zama idonta, ita ke karantawa ita ke aunawa, tsohuwar tana tsoma yatsa a ƙullu tana mita.

To wa zai karanta mata in Basilia ta tafi? Wa zai yi mata allura safe da yamma? Ɗan'uwanta da ke Ajantina ban da saƙon murya ba abin da yake aikowa, shi ma sai ya ga dama.

Suka kai tire-tire tanderun unguwa, na Doña Pastora, wadda bakinta ya fi tanderun zafi. Tana tura tire tana cewa in da ita ce da tuni ta ɗaure kayanta, namiji mai jiran shekara huɗu ai ba a tsintarsa a kasuwa. Basilia ta yi murmushin dole. Kek ɗin ya fito lafiya lau, kamar kullum.

Nemesio ya zo ya yi wa mamacin addu'a, aka ba shi rabonsa a takarda. Washegari da la'asar ta raka shi tasha ba tare da jaka ba. Ya duba hannunta, ya gane.

"Kafin Kirsimeti zan zo," ta ce, hawaye yana zuba. "Wallahi zan zo, Neme. Bari in sami wanda zai zauna da ita."

"Ki taho mini da kek ɗin nan. Na babanki ya fi nawa girma, na lura."

"Shi ai ya mutu ne!"

"To ki ba ni nawa tun ina da haƙoran ci."

Ta kai masa duka a kafaɗa, tana dariya tana kuka. Motar ta tashi.

Kirsimeti ya zo, Doña Eufrasia ta faɗi a bakin ƙofa ta gurɗe ƙafa. Basilia ta ce sai bayan sabuwar shekara. Aka yi bikin Carnaval, sugan tsohuwar ya hau. Ta ce sai Ista. Kullum akwai dalili, kuma kowane dalili na gaskiya ne, abin da ya sa ya fi ciwo ke nan. Kowace yamma Nemesio yana kira, tana sa wayar a kan tebur tana aiki. Da farko yana ba ta labarin zafin garin da mangwaron da ke zubowa a tsakar gida ba mai ɗauka. Daga baya tarin ya fi maganar yawa. Bai taɓa tambayarta yaushe za ta zo ba. Ita kuwa haushin uwarta take ji, ta ji haushin kanta don ta ji haushin makauniya, ta shiga banɗaki ta yi kukanta ta wanke fuska.

Wata ranar Laraba cikin watan Mayu ta dawo daga kasuwa, ta tarar da tsohuwar zaune a rana a tsakar gida, littafin a kan cinyarta. Siket ɗinta duk ɓarɓashin robar goge fensir. Tana lalubar gefen shafi da yatsa, tana gogewa da ƙarfi, har inda ba rubutu.

Basilia ta saki kwandon, ta fizge littafin. Ta buɗe shafi na arba'in da uku, fari fes. Ta buɗe na gaba, ta buɗe na baya. Wasu sun yage saboda guga. Ashe makonni ta yi tana wannan aikin duk sanda aka bar ta ita kaɗai.

"Mama, me kika yi? Shekara talatin..."

"A can ƙasa littafin daidai yake yadda aka buga shi. In kika bi hannuna a can, dutse za ki gasa masa. Mutumin da ba ya iya numfashi ba ya cin dutse."

Basilia ta durƙusa a gabanta.

"Ina jin wayarku," tsohuwar ta ce a hankali. "Tarin ya sauya murya. Na ubanki da ya fara wannan ƙarar, wata huɗu ya ƙara. Na so in hana ki shan abin da na sha, ɗiyata, sai na ga na hana ki har da mai daɗin. Ni na sami shekara talatin kafin kwanon jinin. Ke na cinye miki wata bakwai."

Ta ce ta riga ta gama magana da Pastora, za ta koma gidan Pastora da zama, in surutu bai kashe ta ba suga ba zai kashe ta ba. Ta lalubo kan ɗiyarta ta dafa, ta ce ta tashi ta haɗa kaya kafin ta sake shawara.

Wanda Basilia ta tarar a Santa Cruz rabin Nemesio ne. Yana zaune a ƙarƙashin mangwaro da robar iska a hanci, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Da ya gan ta ya yi yunƙurin tashi ya kasa, sai ya buɗe hannuwa kawai.

"Kin yi latti, Kirsimeti ya wuce," ya ce.

"Ka yafe mini, rabin raina."

"Ina kek ɗina?"

A ofishin rajista aka ɗaura auren ranar Juma'a, shaidu biyu, yayarsa da mijinta. Basilia ta yi kek ɗin lemo a ƙaramin oven ɗin gidan, ta bi littafin yadda aka buga shi, tana shakka, don duk abin da ke ciki ya saɓa wa abin da ta sani. Ya tashi, ya tsaya, bai zube ba. Nemesio ya ci cokali biyu ya ce a gaya wa surukarsa ya yafe mata rabin zagin da ta yi masa, sauran rabin sai ta zo da kanta.

Kullum sai ta yi masa, ko da loma ɗaya zai ci, don ya ce ƙamshin kaɗai yana buɗe masa ƙirji. Ta riƙe kwanon da uwarta ta yi mata gudu. Ta kuma sami safiyoyin da yake farkawa da sauƙi, ya riƙe hannunta yana tsara sunayen 'ya'yan da su biyun sun san ba za a haifa ba. Sati goma sha ɗaya suka samu. Ranar wata Talata cikin Agusta, da hantsi, kek yana cikin oven, yayarsa ta kira ta daga ɗaki da wata irin murya.

Ƙarshen Oktoba Basilia ta hau mota ta koma Potosí da baƙaƙen kaya. Kafin ya rasu Nemesio ya ce mata in zai dawo cin abinci, gida zai dawo, ba zai iya nemo hanya a garin da bai sani ba. Teburin shekarar farko shi ne babba, da baƙin ƙyalle da hoto da kyandir, kuma duk wanda ya shigo ya yi addu'a sai an sallame shi da kek.

Ta kwaɓa tire takwas ita kaɗai, ba ta nemi kowa ba. Hankalinta ba ya jikinta, hannun ne yake aiki, hannun kuwa ya saba da awon Santa Cruz. Sai da Doña Pastora ta jawo tiren farko ta yi shiru, abin da ba a taɓa gani ba, sannan Basilia ta duba. Duka takwas ɗin sun kumbura sun zube, kowanne da rami a tsakiya.

A nan bakin tanderun ta zauna a ƙasa. Kukan da ba ta yi a maƙabarta ba shi ya zo. Gobe da tsakar rana zai iso, ta sa shi jira yana raye, ga shi zai zo ya tarar ba ta shirya ba.

Aka riƙo ta aka kai ta gida. Doña Eufrasia ta saurari labarin, ba ta ce kaito ba, ba ta ce sannu ba. Ta aiki Pastora ta nemo ƙwai ko na gidan wa ne, ta ce wa ɗiyarta ta ɗauko littafin ta zauna kusa da ita.

"Shafi na arba'in da uku. Karanta mini."

"Bakin fauda, cokali uku."

"Ɗaya da rabi. Rubuta. Suga fa?"

"Kofi biyu."

"Cire cokali huɗu. Ƙwai ki ƙara ɗaya."

Basilia ta laluba jakarta ta ciro biro. Ta danna kansa, ya yi ƙara. Tsohuwar ta miƙo hannu ta kama nata caraf.

"Mene ne wannan?"

"Biro ne, Mama. Ba inda zan ƙara zuwa. Na gama sauka."

Doña Eufrasia ta zare biron daga yatsunta, ta cusa hannu cikin aljihun siket, ta daɗe tana lalube. Ta ciro wani guntun fensir da bai kai ɗan yatsa ba, duk ya sha tauna, ta danƙa mata a tafin hannu ta rufe da nata.

"Shekararki ashirin da shida," ta ce. "Da wannan za ki rubuta."

Basilia ta share ido da bayan hannu. A gefen shafin, inda takardar ta yi laushi saboda guga, ta rubuta ɗaya da rabi.