Batirin Da Ya Fi Ƙyalli

A wani gari can, an yi wani manomi mai rataye rediyo a gona don korar birai. Ran nan ya je sayen batir.

Mai shago ya ce, "Baba, wannan in ya gaji, a yi masa caji ya tashi. Wancan in ya gaji, shi ke nan."

Manomi ya ce, "Ina ni ina jiran caji? Ba ni wancan, ya fi ƙyalli!"

Rediyo ta yi ta surutu, ta yi ta surutu, sai ta yi tsit. Birai suka cinye masara kaf.

Manomi na kuka, tsohon biri ya dafa shi ya ce, "Baba, baɗi ka sayi mai caji. Ana tsakiyar labarai ta ɗauke mana."