Ranar da Jamil Ya Ce Kat

"To wa zai kira 'yan sanda don ya ga ana ɗaukar fim? Gaya mini, Darakta. Wa?"

Gana ne mai tambayar. Jamil ya ci gaba da goge gilashin kyamara da bakin rigarsa, gilashin da ba abin da ya taɓa shi tun safe. Su uku ne a gindin mangwaro, bayan wata gonar dawa da ke gefen hanyar Rimin Gado, rana ta take tsaka.

"Oga Gana, ni fim na ce zan yi. Ban ce zan yi fashi ba."

"Ai fim ɗin za ka yi." Gana ya tofar da tsinken da ke bakinsa. "Naka kyamara ne. Ka ce akshin, ka ce kat. Sauran namu ne. Jibi ranar kasuwa, Alhaji Iliyasu zai biyo nan da kuɗin sayen hatsi a jaka. Minti uku, an gama. Bindigar katako ce, ba wanda za a taɓa."

Sha'aban ya yi dariya, irin dariyar mugu da aka san shi da ita a finafinai. Shekara goma sha biyu yana fitowa a ɗan fashi, kuma shi ya kawo wa Jamil wannan baƙon mutum a matsayin furodusa.

"Darakta, sau arba'in da ɗaya aka kashe ni a fim. Na ƙirga! Me na samu? Kuɗin mota da shinkafa da wake. Bari dai sau ɗaya in mutu da wani abu a aljihu."

Jamil ya runtse ido. Rijiyar Sauda. Sunan fim ɗinsa ke nan, mai kashi goma, wanda ya rubuta a littattafan makaranta guda shida, har akwai shafukan da hawayensa suka ɓata. Ba ƙofar da bai ƙwanƙwasa ba. 'Yan kasuwar da a dā suke ba da kuɗi tun kafin a fara, su karɓi faifai daga baya, sun koma sayar da cajar waya. Gidan talabijin ya ce ya gama tukuna ya kawo a gani. Yutub ba ya biyan kowa sai an kalla. Wani mai maganin basir ya ɗauki nauyin kashi biyu, da sharaɗin jaruma ta ɗaga kwalbarsa a tsakiyar kuka, da Jamil ya ƙi sai ya janye. Ya sayar da babur ɗinsa, ya sayar da buhunan geron da ya noma. Da abinci ya yanke wa ma'aikata a wurin ɗaukar fim, ya sayar da kwamfutarsa. Kashi huɗu ya ɗauka, duk suna cikin kati ɗaya a cikin kyamarar nan, ba su da kwafi a ko'ina a duniya.

Sai kuma Kulu. Ita ce Sauda a fim ɗin, ita ke ɗinka kayan 'yan wasa, ita ke haɗa jinin ƙarya da zoɓo da sitaci. Ranar da ta ɗauki adashinta, maimakon ta sayi keken ɗinki, sai ta ƙulle shi a gefen mayafi ta kawo masa.

"Ka ƙarasa mana shi," abin da ta ce ke nan. Ba ta ce maka ba. Mana ta ce. Wannan kalmar ta hana shi barci wata uku.

"Shi Alhajin ma ai ka je wurinsa," Gana ya ce a hankali. "Me ya ce maka?"

"Ya ce in koma gona."

"To. Rabonka zai ƙarasa kashi shida, har da waƙa."

Jamil ya kalli kyamarar da daɗewa. "Ba wanda za a taɓa?"

"Wallahi, Darakta."

*

Ranar kasuwa, tun hantsi suka kafa kaya a kwanar da dawa ta rufe hanya dama da hagu. Kyamara a kan ƙafafunta uku, faifan hasko rana, sandar makirfo. Jamil da kansa ya je ya gaida mai unguwa, ya nemi izinin ɗaukar fitowar 'yan fashi. Dattijon ya ji daɗi har ya taho da kujerarsa.

Kafin a jima manoma sun ajiye fartanya, mata masu zuwa kasuwa sun sauke kaya. Mai unguwa yana ta ɗaga sanda.

"Ku ja baya! Kowa ya kama bakinsa, in an fara ba tari ba dariya!"

Jamil ya koma bayan kyamara. Don ya samu abin yi, ya yi abin da ya saba kafin kowace ɗauka: ya juya kyamara kan fuskar da ta fi kusa, ya danna jan maɓalli don gwada haske. Gana ne, can gefe kusa da babur ɗinsa, yana waya ƙasa-ƙasa, bai rufe fuska ba tukuna. Haske ya yi. Jamil ya kashe.

Gana ya dawo ya ja baƙar hular rufe fuska, ya miƙa wa Sha'aban tasa, ya zaro bindiga daga buhu ya ɗora masa a hannu. Hannun Sha'aban ya yi ƙasa.

"Oga, wannan ai da nauyi take."

"Don ta yi kyau a hoto. Rufe fuskarka."

"Sannu, Darakta!"

Jamil ya waiwaya. Kulu ce, ta sauko daga acaɓa, mayafinta shuɗi, idonta jawur.

"A gari nake jin ana ɗauka. A gari, Jamil! Wa ka samu a madadina? Nuna mini ita in gaishe ta."

"Kulu, ki tafi gida. Don girman Allah ki tafi."

"Au, har kora ta zo? Ina nan. Ba inda za ni."

"Ga mota nan!" Gana ya ce.

*

A cikin motar, Alhaji Iliyasu ya rungume jaka a cinya yana leƙen taron.

"Me ake yi a can, Abba?"

"'Yan fim ne, Alhaji," direban ya ce.

"Marasa aikin yi. Ana damina suna wasan yara. Rage gudu kar ka take musu waya su ce mu biya."

Abba ya taka birki.

*

Jamil ya ɗaga hannu. Ya ji muryarsa ta fita kamar ta wani.

"Akshin!"

Suka faɗo titi su biyu. "Tsaya! Kashe mota! Fito, shege, fito!"

Gana ya fisgo ƙofa, ya jawo Abba, ya zaro wata ƙaramar bindiga daga ƙugu ya sauke masa gindinta a goshi. Ƙum! Direban ya zube. Sha'aban ya zagaya ɗaya gefen yana ruri kamar yadda ya saba.

"Jakar! Miƙo jakar ko in fasa kanka!"

Alhaji ya faɗo waje, hula ta yi gefe. Ya ɗaga hannu wajen taron.

"Jama'a, ɓarayi! Ku taimake ni! Wallahi ɓarayi ne!"

Wani ya tafa. Wasu suka biye masa. Wata tsohuwa ta riƙe haɓa. "Kai, wannan Alhajin ya iya! Kamar gaske!"

"Shiru!" in ji mai unguwa. "Za ku ɓata musu aiki!"

Gana ya warce jakar ya rataya. Da a nan aka tsaya, da minti ukun sun cika. Amma Alhaji, yana durƙushe a kan kwalta, ya ɗago ido ya hango wanda ke bayan kyamara.

"Kai! Ba kai ne Jamil ɗan Malam Sani ba? Wanda ya zo shagona neman kuɗin fim?"

Gana ya tsaya cak. Ya juya wajen Sha'aban.

"Ya gane mu. Gama da shi."

"Oga—"

"Harbe shi na ce!"

Kulu ba Alhajin take kallo ba. Goshin Abba take kallo, da abin da ke malala daga cikinsa zuwa kwalta, baƙi-baƙi, mai kauri. Ta riƙo hannun rigar Jamil.

"Wa ya haɗa muku jini? Ni ban haɗa jini yau ba." Muryarta ta karye. "Jamil, wannan ba zoɓo ba ne!"

Kafin ya riƙe ta ta ruga. Ta shiga gaban kyamara, ta shiga tsakanin bakin bindiga da tsohon da ke durƙushe, ta buɗe hannuwa. Sha'aban ya riga ya saita. Yatsansa na kan kunamar bindiga, Gana na yi masa tsawa a kunne — harba, harba!

Jamil ba shi da bindiga, ba shi da ƙarfin da zai kai wurin kafin harsashi. Kalma ɗaya gare shi a duniya, ita ya ƙwala da duk abin da ke ƙirjinsa.

"KAT!"

Shekara goma sha biyu ba wasa ba. Hannun Sha'aban ya sauka da kansa. Kafaɗunsa suka saki. Ya sa hannu ya cire hular fuskarsa ya share gumi, kamar yadda yake yi bayan kowace ɗauka, har ya juyo wajen Darakta ya ji ko ta yi ko a sake.

"La! Sha'aban ne!" wani ya ce daga cikin taron. "Mugun nan na fim!"

Sai a lokacin Sha'aban ya kalli hular a hannunsa, ya gane abin da ya yi.

Gana bai yi gardama ba. Mutumin da aka gane fuskarsa zai yi magana a hannun hukuma. Ya sake zaro ƙaramar bindigar daga ƙugu, ya saita Sha'aban.

Tau! Tau!

Ƙarar ba irin ta fim ba ce. Tsuntsaye suka tashi daga dawa. Taron ya watse — ihu, salati, ƙwarya na fashewa, mai unguwa ya bar kujera da sanda. Gana ya haye babur, ya ba shi wuta, ya bi ta burtali da jaka a bayansa. Ko waiwayen Jamil bai yi ba.

Sha'aban na kwance rigingine. Jamil ya durƙusa a kansa.

"Darakta…" Ya yi ƙoƙarin murmushi. "Arba'in da biyu."

Kulu ta matsa kusa da kunnensa tana laƙƙana masa kalmar shahada. Ya bi ta har ƙarshe, a hankali. Daga nan bai sake cewa komai ba.

*

A caji ofis, waya biyu ta shigo wa Sajan Tahir a jere. Mai kira na farko ya ce ana fashi a hanyar Rimin Gado. Na biyu ya ce a'a, fim ne, har mai unguwa na wurin.

"Fim da bindiga, ba wanda ya zo ya sanar da mu?" Sajan ya ɗauki hularsa. "'Yan fim na gaske nan suke fara zuwa. Ku tayar da mota!"

*

Lokacin da jiniya ta iso, Jamil na cikin dawa, zaune a kan kunyar gona, kyamara a ƙirjinsa. Bai san sanda ya ɗauko ta ya ruga ba. Kulu ta biyo shi, mayafinta ya ɓaci da jinin mutum biyu. Ta tsaya a kansa. Ba ta yi kuka ba, kuma hakan ya fi masa ciwo.

"Da kuɗin nan za ka ƙarasa mana fim?"

Jamil ya ƙara ƙanƙame kyamarar.

Daga titi suna jiyo muryar Sajan. "Wa ya ga fuskar mai babur? Ba kowa? Lambar babur fa? Duk taron nan ba wanda ya gani?"

Yatsan Jamil ya danna maɓallin dubawa. Ga Gana a ɗan ƙaramin allo, fuska a buɗe, haske ya zauna mata daram. Ga lambar babur a bayansa. Makirfo ya kamo abin da kunne bai ji ba: "Ni kaɗai zan zo. Ka jira ni bayan tsohon injin niƙa, da la'asar. Su biyun? Bar su da 'yan sanda."

Hoton da ke biye, muryarsa ce tana cewa akshin. Wanda ke gabansu kuwa Kulu ce a bakin rijiya, a kashi na huɗu, tana dariya, rana na faɗuwa a bayanta. Bai taɓa ɗaukar abin da ya kai wannan kyau ba.

Ya zaro katin. Ɗan abu kamar farce. Babur ɗinsa na ciki, da geronsa, da kwamfutarsa, da keken ɗinkin da Kulu ba ta saya ba. In ya bi ta cikin gonakin nan zai ɓulla hanyar Tofa kafin magariba, ya shiga mota da fim ɗinsa a aljihu. In ya miƙa shi, zai zama shaida a kotu, a sa shi a ambulan a rufe, shi ma a rufe shi.

"In ka ba su, ba za su dawo da shi ba," Kulu ta ce. "Ka sani ko?"

"Na sani."

"Kai ma ba za su sake ka ba."

"Na sani, Kulu." Hawaye suka zubo masa. "Ki yafe mini adashinki."

"Ba adashina ke kwance a kan titi ba."

Ya kalli rana ta tsakanin ganyen dawa. La'asar da saura, amma ba da yawa ba. Ya ajiye kyamarar a gabanta, ya miƙe, ya ratsa karan dawa har ya fito fili, hannuwansa a sama, katin a tsakanin yatsu biyu. Bindigogi uku suka juyo kansa.

"Sajan, kar ku harba! Ni ne Jamil, ni na ce akshin. Wanda ya kashe Sha'aban yana cikin katin nan, da inda zai tsaya da la'asar. Ku sa mini ankwa, ni zan kai ku."