Wilin Motar Fada

"Wannan tarkacen ne ƙararrawarku?" Michael ɗan kwangila ya ƙwanƙwasa tsohon wilin motar da ke rataye jikin darbejiya.

Malama Monica ta watsa masa harara.

"Tarkacen ya girme ka! Nan motar Fada, limamin coci, ta mace a hanyar Roni tun zamanin kakanni. Ya ce tunda ta ƙi gaba, nan Allah ke son makaranta."

An ce har jakuna kan tsaya cak idan aka buga wilin nan.

Bana iska ta yaye rufin azuzuwa. Wakilin Bishop zai zo ran Litinin. In ya ga ɗalibai, a ba da kuɗin gyara. In bai gani ba, a rufe makarantar.

"Rabin raina, ki amince da ni kawai, in waye muku kai..." in ji Michael.

Ta ja tsaki ta wuce.

A gida Mama ta tare ta. "Ki bar Michael mai mota, ki bi Manasseh mai walda? Mutumin da ko gira ba shi da ita, wuta ta cinye!"

Ran Asabar Michael ya sayar wa 'yan gwangwan wilin, ya kafa ƙararrawar lantarki.

Bai san cewa da damina yara na gona tun asuba ba, sai sun ji wilin suke ajiye fartanya.

Litinin ta zo. An ɗauke wuta. Azuzuwa wayam!

Michael ya danna, ya sake dannawa. Shiru.

"Ƙara dannawa, ranka ya daɗe," Monica ta yatsina fuska, hawaye na zubo mata. "Wayewa ce."

Wakilin Bishop ya zaro biro...

Sai ga babur duk taɓo, Manasseh a kai, wilin ɗaure a baya.

"Har Babura na bi shi, Malamata. Injin waldana na bari a madadinsa."

Ya rataye, ya miƙa mata guduma.

Ta buga da dukan ƙarfinta!

Yara suka ɓarko daga cikin gero ta ko'ina, suna gudu suna saka riga. Wakilin ya ƙirga har ya gaji, ya sa hannu.

Michael ya sulale, ko sallama babu.

Mama da ke cikin 'yan kallo ta daɗe tana duban Manasseh, sannan ta nisa. "To... gira ai tana tsirowa."

Ranar aurensu wilin aka buga. Asabar ce, amma yara suka cika coci, kowa rungume da littattafansa.