Takardar da Hakim Ya Ƙi Sa wa Hannu

Ranar da Wasilatu ta fara ganin Hakim, saura ƙiris ya ture ta da keke a bakin teku a Nansha ta ƙasar Sin, inda kamfanin da yake wa aiki ke shimfiɗa sabuwar hanyar masu keke da masu tafiya a ƙafa.

"Malam, ba ka gani ne?"

Jin Hausa ya sa ya kusa kifawa. "Wallahi yau na fara gani," ya ce. Kai, mutumin nan da baki! Ta harare shi, amma kafin ta bar wurin ya karɓi lambarta.

Wata biyar suna tare maganar ta isa gaban mahaifinta, Alhaji Shitu, Bakano mai tura takalma gida daga kasuwar Zhanxi Lu. Ita ce tafintarsa a kasuwa. Alhaji ya sa a yi bincike, 'yan binciken suka dawo da kwaɓa: kullum yaron yana kan keke, kamar masu kai abinci gida-gida.

"Ina shagonsa? Ina kwantenarsa? Ga Tankari mai sayar da jakunkuna a garin Shiling ya turo neman aurenki sau biyu."

"Baba, injiniya ne fa."

"Gobe zan je in gani da idona. In bai yi min ba, kada ki ƙara kawo min sunansa."

Ta rubuta wa Hakim: "Nurina, Baba zai zo wajen aikinku gobe. Don Allah ka sa kaya masu kyau. Gabana sai faɗuwa yake."

Ya amsa: "Kwantar da hankalinki, sarauniyata. Yadda nake zai same ni."

Haka kuwa suka same shi, taɓo har gwiwa, shugabansa ɗan Sin yana ta zazzaga masa masifa da takarda a hannu. Wasilatu ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

"Me suke cewa?" in ji Alhaji. "Fassara min, kada ki rage komai."

Ta so ta gyara zancen. Wa zai gane? Amma ba ta taɓa yi masa ƙarya a fassara ba.

"Laoban, wato shugabansa, yana so Hakim ya sa hannu cewa an gama wannan ɓangaren, jibi za a buɗe. Shi kuma ya ce gangaren yana santsi in ruwa ya taso, tsofaffi za su zame." Ta ci gaba: "Laoban ya ce in bai sa ba, yau zai bar aikin."

Suna kallo Hakim ya mayar wa mutumin bironsa, ya cire hular aiki ya ajiye. Shi ke nan, ta ce a ranta, Baba ya ga mara shago, yanzu kuma mara aiki. Hawaye suka zubo mata.

Alhaji ya juyo gare ta.

"Shekara ashirin ina biyan masu duba min kaya kafin a loda," ya ce. "Ban taɓa samun wanda ya ƙi sa hannu a kan ruɓaɓɓen kwali ba." Ya ɗaga murya: "Kai, yaro! Wanke ƙafarka ka zo. Wa ke gare ka a Kano da zai nema maka aure?"

Bayan sallar Juma'a ta uku aka ɗaura aure, ango bai ko sami sabon aiki ba. Alhaji ya dafa kansu su biyu.

"Amana ce na ba ka, kuma na ga yadda kake riƙe ta. Allah Ya yi muku albarka."