Kwalbar Ud a Jakar Mai Ciki

Bayan sallar azahar aka farga kwalbar man ud ta ɓata daga ɗakin ajiya a gidan haɗa turaren Hajiya Maimuna da ke Unguwar Sarki. Ba a wani sha wahalar nema ba. Datti, ƙanin Hajiya da ta ɗora a kan ma'aikata, ya sa maigadi ya zazzage jakunkunan mata, sai ga kwalbar a jakar Nafisat, mai cikin wata bakwai. Nan take ya ce ya kore ta, ya kuma kira 'yan sanda wai don ya zama izina ga saura.

Saje Harira ce ta zo. 'Yar gajeruwa ce, ba ta da fara'a, ga ta da kallon da in ta yi maka sai ka tuno laifin bara. Ta ɗaga kwalbar, ta ga yatsunta sun yi maiƙo. Murfin a tsage yake, cikin jakar ma ya yi baƙi da mai.

Da maigadi ta fara, Malam Inuwa. Ya ce jakunkuna a ƙusoshin zaure ake rataye su, kowa ya wuce zai iya taɓawa. Ya ce tun da ya kama aiki ba a taɓa sa shi binciken jaka ba sai yau. Shi kam tare da jama'a ya tafi masallaci, tare suka dawo, mai shayin ƙofar gida ya shaide shi. Saje ta sallame shi, amma ta ce kada ya yi nisa.

Sai Ladi, babbar mai haɗi, wadda duk unguwa an san ita da Nafisat ba sa ga maciji tun rigimar wani anko. Saje ta tsare ta da ido.

"An ce ba kwa shiri."

"Ba ma shiri, ranki ya daɗe. Bakinta ya fi ƙarfinta. Amma da ni ce, ba zan kwantar da kwalbar nan a jaka ba. Duk macen da ke aiki a nan ta san tana yoyo. A tsaye muke ɗaukarta, da tsumma."

Saje ta duba tafukan Ladi da haɓar zanenta. Ƙamshi kam akwai, har da na sayarwa. Tabo babu.

Nafisat tana zaune a ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida, inda aka mayar da ita liƙa takarda a jikin kwalaben da ba a zuba wa komai ba. Ta yi kuka har idanunta sun kumbura. Da ƙyar ta faɗa cewa makon jiya ta nemi hutun haihuwa wajen Datti. Ya ce mata nan ba ma'aikatar gwamnati ba ce. Ita kuma, da yake bakin nata ba ya shiru, ta ce matar yayanta a ofishin ƙwadago take aiki, ta ce doka ta ba mai ciki hutu ko a ina take aiki, ba a kuma korarta a kan haka. Daga ranar ko gaisuwarta bai ƙara amsawa ba.

Saje ta ɗauko kwalbar ud ɗin. Ta kira Datti ya tsaya kusa, ta zare murfin kwalbar ta kai hancin Nafisat. Allah Ya shirya Harira. Yarinya ta yi yunƙuri ɗaya, ta juye ɗanwaken rana kakaf a kan sabon takalmin Datti. Matan suka haɗa baki suka ce ai tun shigar cikin haka take in ta ji ƙamshin ud, shi ya sa aka fito da ita waje, ko ƙofar ɗakin ajiya ba ta iya giftawa.

Datti yana goge ƙafa yana faɗa, wai makirci ne irin na mata. Saje kuwa ba ƙafar take kallo ba, kaftaninsa take kallo, shuɗi, karin guga bai ko kwanta ba.

"Malam Inuwa, da wace riga oga ya zo da safe?"

Tsoho ya sosa ƙeya, ya dubi Datti, ya dubi ƙasa. "Farar shadda ce, ranki ya daɗe."

"Malam Datti, ina farar?"

"Zufa na yi, na canza. Laifi ne?"

"Ba laifi. Buɗe mana mota."

Ya ce makulli ya ɓata. Hajiya Maimuna, da ta iso tun ɗazu tana saurare daga zaure, ta ciro nata daga jaka, don motar ma tata ce. A ƙarƙashin kujera aka samu farar shaddar a dunƙule. Aljihun gefe ya yi baƙi ƙirin da mai, ƙamshi ya cika layi.

Saje ta jera musu abin dalla-dalla. Nafisat ba ta iya ɗaukar kwalbar ba tare da an ji amanta ba. Sauran matan sun san murfin, ba za su kwantar da ita ba. Wanda ya yi, mutum ne mai makullin ɗakin, wanda bai taɓa sa hannu a aikin ba, ya cusa ta a aljihu lokacin da ake salla, ya jefa a jaka, ya kuma ƙirƙiro binciken da ba a saba ba. Korar mai ciki saboda hutu tana iya kai shi kotu. Korar ɓarauniya kuwa, wa zai tambaye shi?

Datti ya juya ga yayarsa. "Yaya, ke nake karewa. In aka ba wannan, gobe kowacce sai ta ce ita ma."

Hajiya ba ta ko kalle shi ba. Ta ce wa Saje ta tafi da shi ya yi bayani a can. Sannan ta ce wa Nafisat ta share hawaye, aikinta na nan, hutunta na nan, kuma a gaban kowa take faɗa, yarinyar nan ba ɓarauniya ba ce.

Ana tura Datti cikin motar 'yan sanda, Ladi ta gyara mayafi ta matso, tana wasa da yatsu.

"Hajiya, tunda ana maganar... ni ma nawa hutun haihuwar bayan babbar salla ne."

Datti ya ji ta taga. Wasu biyu kuma a bayan Ladi suka sunkuyar da kai.